Mai Ciyar da Mensima

Egya Ekow Bentum ba ya jin ƙarnin kifi. Ba sabo ba ne, hancin ne ya ajiye aiki tun da daɗewa, ya bar masa ramuka biyu na shaƙar iska kawai. A bayan murhun bandar kifi aka haife shi a Sekondi, bakin tekun Gana, matar da ya aura, Maame Araba, ita ma mai banda ce, sannan ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin injin jirgin kamun kifi guda ɗaya tak. Da za ka ɗora masa ruɓaɓɓen kifi a kan gashin baki, abin da zai tambaye ka shi ne ko akwai barkono.

Jirgin sunansa Aba Mensima, sunan uwar wanda ya fara sayo shi, amma duk wanda ya taɓa cin abinci a ciki Tsohuwa yake ce mata. Ƙarfe ce zalla, mai faɗin ƙugu, mai nauyin tafiya, irin wadda igiyar ruwa za ta mara ta dawo tana yarfe hannu. Ekow ya shige ta yana mai goge mai da tsumma, ya wayi gari shi ake kira Cif. Takarda kuwa ba shi da ko ta naɗe ƙosai. Makarantarsa wata doguwar sukudireba ce. Sai ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, can ya ce bawul na huɗu zai fara tari ranar Alhamis. Ranar Alhamis kuwa sai ya fara.

Akwai kuma wani aiki nasa da ba a rubuta a ko'ina ba.

A shekararta ta farko a Sekondi, Mensima ta ci mutum biyu. Ɗaya igiyar taru ta naɗe masa ƙafa ta tafi da shi, ɗayan kuma ya fita fitsari bai dawo ba. Kyaftin Essel, wanda ke tuƙa ta a lokacin, ya ce yunwa take ji, kullum ana cika mata ciki da kifi ana kwashewa, ba a taɓa cewa ga naki ba. Ya sa aka liƙa wani ɗan akwatin ƙarfe can cikin hancin jirgin, bayan ramin da sarƙar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ke kwanciya, inda sai mutum ya ja ciki yake isa. Wannan shi ne bakinta. Kowace Talata, ranar da ba a shiga teku, a saka mata jan kifi guda, a tsiyaya mata giyar ogogoro cikin marfin kwalba. Tun daga nan ba ta ƙara taɓa kowa ba. Da Essel ya kwanta ciwon ajali, Ekow ya kira ya bar wa aikin, ya kuma kafa masa sharaɗi biyu: kada Talata ta wuce, kada wanda bai taɓa jan taru a kanta ba ya ga bakin.

Sai kifi ya ƙare. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, yadda gashi ke barin kai. Manyan jiragen baƙi suka share ƙasan teku har da jikokin kifin. A fita kwana goma sha biyu a dawo da abin da ba zai cika rabin rumbu ba, rabinsa kuma leda ce da silifas. Aka ɗaure Mensima a ƙarshen gaɓa. Ma'aikatanta suka watse, wasu haƙar zinariya, wasu Abijan, ɗaya ya buɗe coci. Ekow ne kaɗai ya rage, yana da shekara hamsin da tara, kullum ya zo ya zauna a inuwar ɗakin tuƙi yana kallon tsatsa tana cin abin da ta ga dama. Talata kuma ya zaro kifi ɗaya daga bahon Araba.

"Baban Ekua, jirgin da ba ya motsi wa zai ci?" Araba takan ce. "Tantabaru?"

"Ni zai ci. Ni ne a kusa."

Shekara biyu a haka, sai ga wani Bature mai suna Torvald, dogo kamar sandar fitilar titi, da matarsa Madam Solveig. Ya zagaya Tsohuwa da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ta ko'ina. Ashe akwai masu irin wannan sha'awa a duniya: su sayi tsohon jirgin kifi, domin an ƙera shi ya jure kowane irin teku, su yashe cikinsa, su mai da shi gidan zama, su tafi yawo inda ba kowa. Shi wannan can ƙarshen arewacin duniya yake son zuwa, inda ƙanƙara ke yawo a ruwa kamar duwatsu. Ba kifi zai kama ba, ba kaya zai kai ba. Kallo kawai.

Ya sauka ɗakin inji ya tarar da wurin tsaf, ana iya cin dokunu, tuwon masarar garin, a ƙasa. Ekow ya tayar masa da injin bugu ɗaya.

"Wa ke kula da wannan?"

"Ni ne, maigida."

"Shekara biyu ba albashi?"

"Ai ita ba ta san an daina biya ba."

Torvald ya yi dariya har ya buga kai da bututu. Nan take ya ce injin nan ba zai canja shi ba, kuma ba zai tafi da shi ba sai da mutumin da ke jin maganarsa. Zai yi masa fasfo, zai nema masa takardun da ake bukata. Ekow ya hau sama ya tsaya yana kallon ruwa, don kada a ga fuskarsa. A garin da samari masu satifiket ke tallan katin waya, ba wanda zai ƙara ɗaukar tsoho mai sukudireba. Wannan kujera ita ce ta ƙarshe, shi ma ya sani, Araba ma ta sani.

Aka ja Mensima kan tudu a wani ƙaramin filin gyaran jirage. Babban mai walda a wurin Ato Quansah ne, ƙato mai baki kamar rediyo, wanda ba a taɓa samun maɓallin kashe shi ba. Shi ya yanke na'urar jan taru da dogayen ƙarafan baya, aka ɗaga su sama da ƙugiya, Ekow yana kallo kamar ana cire wa uwarsa haƙora. Aka ninka ƙarfen gaba saboda ƙanƙara. Aka ƙara tankunan mai, yadda za ta yi wata biyu ba ta ga ƙasa ba. Aka huda mata tagogi a haƙarƙari. Rumbun kifi kuwa, inda aka yi shekara talatin ana tattaka ƙanƙara da jini, shi ne zai zama falo da ɗakunan kwana.

"Cif, ka ga inda Madam za ta sa gadonta?" in ji Ato. "Daidai inda kuke zuba kayan ciki. Allah ya sa ta yi mafarkin ƙaguwa."

"Yi waldarka, mai bakin kwano."

"Kai kuma can ƙanƙara me za ka sa? Wannan singiletin mai tagogi tara? Za su dawo mana da kai a tsaye kamar kifin firij, Maame Araba ta yi bandarka."

Torvald ya riga ya kawo masa rigar sanyi ja, mai kauri kamar katifa. Ekow ya gwada ta sau ɗaya a tsakar gida da azahar, ya kusa suma, Araba da maƙwabta suka yi dariya har da hawaye. Ya rataye ta a ƙusa, a cikin leda, kowace safiya sai ya shafa ta kafin ya fita.

Wata bakwai ana aiki. Kafintoci suka lulluɓe rumbun da farin katako mai ƙamshi, aka sa fitilu, aka sa murhun ɗumama ɗaki. Ranar da Madam Solveig ta shigo ganin falonta, ta yi taku uku ta tsaya cak. Ta ɗaga ɗan siririn hancinta.

"Kifi," ta ce.

Kowa ya shaƙa. Kafintoci suka ce su fenti suke ji. Ato ya ce shi tun da aka haife shi duniya haka take wari. Amma Madam ta ce ba za ta yi shekara biyu a cikin gwangwanin kifi ba, ko a nemo inda ƙarnin yake, ko Torvald ya tafi da ƙanƙararsa shi kaɗai.

Ekow yana tsaye a bakin ƙofa. A jirgin kifi, wa zai lura da kifi ɗaya? Bai taɓa kawo wa ransa ba. Ya ce a zuciyarsa ai ba lallai nasa ba ne, jirgi mai shekara talatin da ɗoriya ko'ina ma zai iya yi.

Aka wanke ƙasan jirgi da soda. Aka baza gawayi buhu-buhu, aka baza garin kofi, aka yanka lemon tsami har Araba ta ce an tayar da farashinsa a kasuwa. Ƙarni ya ce yana nan. Torvald ya ce to tsohon soson da ke bayan bango ne ya sha ruwan kifi. Aka ɓamɓare katakon nan sabo fil, aka kankare ƙarfe har ya yi fari, aka sake fenti, aka sake soso, aka mayar. Mako biyar. Ekow da hannunsa ya taya ɗaukar katakon. Madam ta dawo, ta yi taku uku.

"Kifi."

Da rana, ana cin abinci a ƙarƙashin jirgin, Ato ya matso ya shinshina wuyan Ekow a gaban kowa.

"Jama'a, a daina wahalar da katako. Ga mushen nan yana cin dokunu."

Aka fashe da dariya. Ekow ma ya yi, amma daga ranar ya koma wanka sau uku da lemon tsami da toka, har fatar wuyansa ta fara saɓulewa. Yana so ya zama shi ne. Da shi ne, da sauƙi.

Araba ce ta faɗa masa a fili, tana juya kifi a kan waya, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baban Ekua, ka san kifina ne matar nan take ji."

"Ba a tabbatar ba."

"Ni na tabbatar. Ka daina kai mata har ku tashi. In kun shiga sanyi, ko giwa ka saka ba mai ji."

"Essel ya ce kada Talata ta wuce."

"Essel yana kabari, ba ya cin abinci. Mu muna ci. Ko kuma ka faɗa wa Baturen, ka nuna masa."

"Bai taɓa jan taru ba."

"To ka ba shi gidan sauro ya ja! Wayyo ni Araba, na auri mijin jirgi."

Ya yi kwana uku yana juya maganar. Talata ta zo, ya fita hannu wofi. Da ya wuce ta gaban jirgin bai ɗaga kai ba, kamar mai bin bayan gidan surukai. Laraba lafiya. Alhamis lafiya, har Madam ta shigo ta yi taku bakwai kafin ta yamutsa fuska. Ranar Juma'a da hantsi, Ato yana kan katakon hawa yana walda a daidai hancin jirgin, igiyar katakon ta tsinke. Ya faɗo kan tulin sarƙar anga, ƙashin cinyarsa ya fito yana kallon rana.

Kowa ya ce igiyar ta tsufa, an daɗe ana cewa a canja ta. Ekow ya riƙe kan Ato a bayan motar da ta kai shi asibiti, Ato yana ihu yana zagin uwar igiya, shi kuwa yana kallon jinin a tafin hannunsa. Talatar da ta biyo baya kifi biyu ya ɗauka. Araba ta gani, ta kau da kai.

Ƙarni ya dawo da ƙarfinsa. Torvald ya fara ramewa. Hanyar ƙanƙarar nan wata uku kawai take buɗewa a shekara, in ba su tashi a kan lokaci ba sai baɗi. Ya sa aka sake ɓalle falon karo na biyu, har da ƙasan ɗakunan kwana. Wata rana da yamma ya sauko ɗakin inji ya zauna a kan bokiti, ya dafe kai.

"Cif, kai ka fi kowa sanin jirgin nan. Akwai wani lungu da ban sani ba? Wani tsohon bututu, wani rami?"

Ekow ya goge sifana da tsumma. Ya sake goge ta.

"Babu, maigida."

Madam Solveig ba ta san inji ba, amma ta san hancinta. Ta lura abin yana tashi Laraba, ya cika Alhamis, ya lafa zuwa Litinin. Ƙarfe kuwa bai san ranakun mako ba. Talata da sassafe, kafin ma'aikata su zo, ta hau jirgin ta zauna shiru a ɗakin tuƙi. Ta ga Ekow ya hawo da ƙullin takarda a hammata. Ta bi shi. Abin da ta tarar ƙafafunsa ne kawai a waje, sauran jikin yana cikin ramin sarƙa, muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa.

"Ci, Tsohuwa, ci. Ki yi haƙuri da na wancan makon. Ato ba shi da laifi, bakinsa ne kawai."

Da ya jawo jiki ya fito, da ƙayar kifin makon jiya a hannunsa, sai ga takalmanta.

Torvald bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da Ekow ya samu abin riƙewa. Ya ja ciki da kansa ya shiga ya ga akwatin, ya fito da tsatsa a gemu, ya saurari labarin Essel da mutum biyu da cinyar Ato har ƙarshe.

"A ƙasarmu ma masunta suna da irin nasu," ya ce. "Kakana ba ya yarda a yi fito a jirgi. Da ka faɗa mini, da na sa an yi mata ƙofa mai roba, ka riƙa ba ta ko kifi goma."

"Ba a nuna wa wanda bai..."

"Na zauna a kan bokitinka na tambaye ka. Ka dube ni ka ce babu. Sau biyu kana ɗaukar katako kana kallona." Ya kakkaɓe tsatsar gemunsa. "Inda za mu, Cif, in wani abu ya lalace, kwana tara ne zuwa mutum mafi kusa. Dole in tambayi mai inji ya faɗa mini gaskiya, ko da gaskiyar ta saɓa wa matattu."

"Maigida, injin nan ban taɓa yi masa ƙarya ba."

"Na sani. Ni ka yi wa."

Torvald ya sallame shi daga aiki, ya ce ya riƙe rigar sanyin.

Ato ne ya yanke akwatin, da sandar guragu a hammata, domin ya rantse ba mai taɓa shi sai shi. Ya kawo wa Ekow har gida a cikin buhu, ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar.

"Wato ni aka cinye a madadin jan kifi ɗaya? Ko kilo biyu bai kai ba, Cif. Ka rage mini daraja."

Ekow bai yi dariya ba.

"To kai ma, tsoho, kanka na kwakwa ne? Me ya hana ka saka mata kifin gwangwani? Ba wari, ba ƙuda."

"Kai za ka ci gwangwani a rufe?"

"In yunwa ta yi yunwa, har marfin."

Araba tana bakin murhu, hayaƙi yana shiga idonta, ta bar shi yana shiga.

Aka ɗauko wani injiniya daga Tema, Mista Lamptey, mai takardu cike da jaka da kwamfuta da yake liƙa wa inji. Aka shafe sunan Aba Mensima, aka rubuta sunan wani tsuntsun ƙasarsu da ba wanda ya iya faɗa. Ta sauka ruwa fara sol, da tagogi masu sheƙi, kamar tsohuwar da 'ya'yanta suka yi arziki suka hana ta gaisa da ƙawayenta.

Ranar tashi, Ekow ya zo gaɓa tun da hantsi. Ya jira har Lamptey ya sauko duba igiya, ya ja shi gefe. Ya ce masa bawul na huɗu ba ya son a matse shi da yawa. Ya ce famfon ruwa in ya fara kuka kamar ɗan akuya, ba shi ba ne, bel ne. Lamptey yana ta gyaɗa kai yana duba waya. Sannan Ekow ya zaro gwangwanin kifi daga aljihu, na mai, mai ɗan tsada, ya danƙa masa da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, don Allah. Ranar Talata ka buɗe, ka kai can gaba wajen sarƙa, ka ajiye. Ko kaɗan ne. In ya ƙare ka nemi wani. Kada Talata ta wuce."

"Ba damuwa, Egya. Na gode, na gode ƙwarai."

Aka kwance igiya. Injin ya tashi bugu ɗaya, Ekow ya ji shi a tafin ƙafarsa ta cikin siminti, lafiyayye, ba abin da ya dame shi. Torvald ya ɗaga masa hannu daga ɗakin tuƙi. Jirgin ya juya a hankali ya ba gaɓa baya, kuma a nan bayan, inda na'urar jan taru take a da, Mista Lamptey ya samu kujera mai laushi ya zauna. Ya fasa burodi, ya buɗe gwangwanin, ya juye a ciki. Da ya hango tsohon yana kallonsa, sai ya ɗaga burodin sama, ya yi masa jinjina da babban yatsa.

Yanzu Ekow yana taya Araba hura wuta, in an samu kifin da za a banda. Akwatin yana ƙarƙashin gado, ta so ta zuba gishiri a ciki ya hana. Rigar tana nan a ƙusarta, ɓeraye sun fara da hannun hagu. Duk wanda ya gani da babbar waya sai ya tare shi ya ce a duba masa ko an ji labarin wani farin jirgi a ƙanƙara, mutum nawa ne a ciki, ko sun cika. Ba a taɓa samun komai ba.

Talata kuma yakan tafi can ƙarshen gaɓa da kifi ɗaya, ya juya wajen da take, ya wurga iya ƙarfinsa. Hannun ya tsufa, ba ya kai shi nesa. Yawanci tun bai taɓa ruwa ba tsuntsaye suke cafkewa.